Zakaran da Tafinta Ya Ƙi Ci

Ba yabon kai ba, ni tun ban cika shekara goma ba na gama sanin addinan duniya kaf. Haka nake faɗa wa yaran unguwarmu a Jibiya, a damina ta uku bayan Turawa sun kafa alamun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa. Ina zaune bisa turmin Inna a kife, ɗanyen gero a hannu, ina rarraba mutanen duniya gida-gida, su kuwa sun saki baki suna saurare.

Makarantata zauren Baba ce, domin shi fatoma ne, mai saukar fatake. Aikina in yanko wa dabbobin baƙi ciyawa, in cika randa, in kai akushi in ɗauko. A nan na ga Buzaye masu gishiri ba sa janye rawani daga baki gaban mutane, na ƙirga wannan addini guda. Na ga wani Bamaguje ya zuba wani abu a gindin tsamiya kafin ya kama hanya, na ƙirga na biyu. Da na ga Bature ɗaya daga nesa yana cin abinci da ƙarfe, sai na rufe karatu, na ce saura koyarwa.

Ana nan sai wani baƙo ya sauka gidanmu, sunansa Bulus, mutumin Dahome, tafintan Faransawa. Maraɗi za shi, dokinsa ya yi targaɗe, dole ya jira. Kirista ne, na farko da ya taɓa kwana a gidanmu, mai fara'a, Hausarsa tana ɗingishi kamar dokin nasa. Kwana uku yana cin duk abin da aka kai masa, har yana suɗe hannu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya kama jan zakaranmu, wanda in ya yi cara ina jin har Daddara ana farkawa, ya yanka don girmama baƙo. Inna ta yi miyar da ƙamshinta ya tsayar da jakuna a hanya. Na kai, na koma ɗauko akushi, sai na tarar an cinye tuwo gaya, miya da nama ko taɓawa ba a yi ba.

A gidan fatoma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙon da ya maido nama, ko dai yana tsoron an sa masa wani abu, ko yana ƙyamar hannun da ya yanka. In maganar ta fita kasuwa cewa ana tsoron abincin gidanmu, ayari ba zai ƙara sauka ba. Fuskar Baba ta canza. Ya dube ni ya ce, "Kai da kake cika mana kunne, mi ke nan?" Ni kuwa ban san komai ba, amma malami ba ya cewa bai sani ba. Na gyara murya na ce ai Kiristoci duk haka suke, ba sa cin yankan Musulmi, ƙazanta suke ɗaukarsa. Baba ya ce gobe da safe baƙo ya nemi wani masauki, shi da gurgun dokinsa.

Kakata Iya tana gefe tana kaɗi. Ta ajiye mazari, ta ja mayafi, ta nufi zaure, ni ina biye don in ga an tabbatar da fatawata. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, mi zakaranmu ya yi maka?" Bulus ya miƙe tsaye da ladabi. Ya ce su ran Juma'a ba sa cin nama, domin a wurinsu ranar ce Annabi Isa ya sha wahala, suna hana kansu daɗi don tunawa. Kifi dai an yarda. Ya ce tun ɗazu ƙamshin miyar nan yake azabtar da shi, kunya ce ta hana shi magana. Iya ta ce, "Mu ba haka muka ji labarin ba. Amma ashe azumi kake, ka bar mu muna zargi."

Da Baba ya ji kalmar azumi, sai ya huce, don wannan abu ne da ya sani a cikinsa. Da kansa ya fita ya samo busasshen kifi. Ran Asabar aka ɗumama zakara, Bulus ya ci har ƙasusuwa suka nemi agaji. Ya ƙara kwana tara a gidanmu. In Baba zai yi salla, Bulus ya janye tabarmarsa ya kama bakinsa, in shi kuma ya durƙusa da ɗan carbinsa, Baba ya kore mu daga zaure.

Yanzu motoci ke ƙetare iyakar nan, baƙo ba ya kwana balle a san abin da yake ci. 'Ya'yana suna da littattafai masu bayanin addinan mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, ina kuma murna da hakan. Sai dai nakan yi kewar zauren nan, inda mutum ke zaune gabanka da akushinsa, kana iya tambayarsa.

Ranar da Bulus ya tafi, na ce wa Iya dama na so in faɗi maganar azumin nan, mantawa na yi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Maigidana, kai fa ko abin da ke cikin tukunyar uwarka sai an buɗe maka kake sani."