Malama Sadiƙa da Allon Bakin Ƙofa

Kafin hantsi ya ɗaga, Malama Sadiƙa Sulle ta riga ta sauka daga kan babur a ƙofar makarantar 'yan matan da take koyarwa a Rogo Sabon Gari. Daga Yammedi take tasowa, can ƙasar Karaye, riƙe da tsohuwar jaka mai ɗauke da alli, tsumman goge allo da ƙullin soyayyar gyaɗa. Da damina takan iso da taɓo har gefen zane, ta tsaya a famfo ta wanke ƙafa, ta shiga aji kamar ba ita ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka tana koyar da lissafi, kuma ba mu taɓa jin an kira sunanta a rediyo ba.

Abin da mutanen unguwar suka fi saninta da shi wani allo ne da ta sa kafinta ya kafa mata a gindin darbejiya, ta wajen katanga, inda kowa ke wucewa. Kowace Litinin takan rubuta tambaya ɗaya a kai, ta wasa ƙwaƙwalwa. Ba ta jarrabawa ba ce, ba maki, ba kyauta. Ranar Alhamis ta rubuta amsa da yadda aka same ta, ranar Juma'a ta tambayi 'yan aji wa ya dace. Ɗalibanta sukan yi nasu a bayan littafi, amma har masu shago da 'yan acaba sukan tsaya su kwafa.

Wadda ta fi so ita ce rabawa ta aljabara. Kamar dai a raba goro goma sha uku ga mutum huɗu a ga ragowar ɗaya, sai dai a nan abin rabawar jerin lissafi ne mai harafin x a ciki, kuma ragowar ake nema. Wani mako ta rubuta: a ninka x da kansa sau ɗari, a raba da x − 1, me zai rage? Musbahu tela, mai shago a tsallaken titi, wanda ya bar karatu a aji uku amma lissafi bai bar shi ba, ya cika bayan kwalin yadi biyu yana rabawa layi bayan layi. Ranar Alhamis Malama ta zo ta yi abin a layi ɗaya. Ta ce, ka nemo lambar da za ta mayar da abin da kake rabawa da shi sifili, a nan ɗaya ke nan, ka sa ta a gurbin x. Abin da ya fito shi ne ragowar. Ɗaya ko sau nawa aka ninka shi da kansa ɗaya ne.

"Malama, wannan ai zalunci ne," in ji Musbahu. "Kwana uku ban ɗinka wa kowa ko aljihu ba."

"Masu kaya su zo su same ni," ta ce, tana dariya.

Dokokinta biyu ne, kuma duk wadda ta zauna a ajinta ta haddace su. Ta farko, idan ana jera lambobi don rabawa aka ga wani mataki na x bai zo ba, sai a ajiye masa gurbinsa da sifili, kamar yadda ake ajiye wa wanda ya tafi gona tuwonsa. Ta biyu, in an gama a gwada amsar ta waccan gajeriyar hanya kafin a nuna wa kowa.

Ke ce, Malama, kika sa 'ya'yan manoma suka daina jin faɗuwar gaba in an ambaci lissafi. Amma ke kanki da naki tsoron, kuma kaɗan ne suka sani.

Tun tana sabuwar malama ta ga abin da ya sami Malam Hammawa, dattijon da ta tarar yana koyar da lissafi a makarantar. Tsufa ya taɓa masa tunani yana kan aiki. Yakan rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, yara su kwafa, malamai su sunkuyar da kai. Ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa, don ana yi masa kara. Shekara biyu ya yi a haka, ana gaishe shi da ladabi a gaba, ana gyara littattafan yara a bayansa. Malama Sadiƙa ta sha gaya wa Radiyya, tsohuwar ɗalibarta da ta dawo makarantar a matsayin malamar lissafi, cewa ba ta tsoron mutuwa kamar yadda take tsoron wannan.

To, bara da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, hawan jini ya kayar da ita a gaban allo. Mako uku ta yi a asibiti a Kano. Ta tashi ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi, harshenta ma haka. Likita ya gaya mata gaskiya: jiki zai iya dawowa, amma irin wannan ciwo yakan taɓa tunani, kuma sau da yawa mai shi ba ya ganewa da kansa. Wannan magana ta ƙarshe ita ta biyo ta har gida.

Bayan wata uku ta dawo aiki tana dogara sanda. Malamai suka yi ta sannu da jiki, ɗalibai suka yi ta rige-rigen karɓar mata jaka. Ita kuwa duk fuskar da ta yi mata murmushi sai ta ƙura mata ido, tana neman ko akwai abin da ake ɓoye mata. Takan ƙirga matakalar ofis tana hawa, ta sake ƙirgawa tana sauka, ta ga ko sun zo daidai.

Litinin ta farko ta zaɓi tambaya mai sauƙi, don ta gwada kanta: a raba x³ − 7x + 10 da x − 2, a faɗi ragowar. Ranar Alhamis ta tsaya a gindin darbejiya, ta jera lambobin ta raba, amsa ta fito sifili, ba ragowa. Tsayuwar ta gajiyar da ita, jiri na ɗibarta, sai ta koma ofis ba ta gwada ba. Ranar Juma'a ta tambayi 'yan aji shida wa ya sami sifili. Hannu talatin da shida suka tashi, ba wanda ya rage. Radiyya ta ce mata barka. Musbahu ya ɗago hannu daga kan keken ɗinki ya ce Malama ta dawo da ƙarfinta. Ta hau babur zuwa Yammedi zuciyarta fari ƙal.

Ranar Asabar da hantsi tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sai tambayar ta faɗo mata a rai, ta shiga gwada ta da ka don nishaɗi. A sa biyu a gurbin x. Biyu sau biyu sau biyu, takwas. A cire sha huɗu, a ƙara goma. Huɗu.

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta sake yi, huɗu. Ta jawo tsinke ta rubuta a ƙasa, huɗu. Nan ta ga inda ta kauce: babu x² a tambayar, kuma ba ta ajiye masa gurbinsa ba. Dokar da ta shekara talatin tana nanatawa ita ta tsallake, ta biyun ma ta tsallake. Amma ba kuskuren ne ya fi tayar mata da hankali ba. Hannuwan nan talatin da shida ne. Ko dai duk abin da ta koya musu bai zauna ba, ko kuma sun gani sun yi shiru. In sun yi shiru a wannan, a kan me kuma suka yi shiru tun da ta dawo? Ko jiya ta kira wata da sunan wata? Ko ta maimaita darasi ɗaya sau biyu suna kallonta? Ba ta da hanyar sani. Ranar nan da washegari ko loma ba ta iya haɗiyewa da daɗi ba, maigidanta yana tambaya tana cewa maganin ne.

Tana iya zuwa da sassafe ranar Litinin ta goge allon ta rubuta sabuwar tambaya, ba mai tayar da zancen har abada. Ta yi wannan tunanin, ta faɗa da bakinta daga baya. Abin da ta yi shi ne dalilin wannan rubutu.

Ranar Litinin ta bar allon yadda yake. Ta sa aka fito da 'yan aji shida gindin bishiyar da littattafansu, ta aika aka kira Radiyya, ta yafito Musbahu daga shago. Ta ce, "Wannan amsar tawa ce. Wa ya sami wata daban?"

Wasu suka shiga wasa da bakin hijabi.

"Radiyya, ke nake tambaya. Tsakaninki da Allah."

Radiyya ta dubi ƙasa. "Malama, ba ki daɗe da tashi daga ciwo ba. Muka ga kamar..."

"Kuka ga kamar me? Nawa kika samu?"

"Huɗu."

Malama ta miƙa hannu ga yarinyar da ke kusa da ita, Zuwaira, ta karɓi littafinta ta buɗe bayansa. Aikin tsaf yake, an ajiye gurbin da sifili, an rabo daidai har ƙasa. A layin ƙarshe an goge wani abu har takarda ta kusa hujewa, an ɗora sifili a kai. Ta ɗaga shafin ga rana, inuwar huɗu na nan a ƙasa. Ta karɓi na biyu, haka. Na uku, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jingine da bishiya. Musbahu ya ce shi nasa kwalin ya jefa a kwandon ƙyalle tun ranar Alhamis, don kada ma ta tambaya.

Da ta gama sai ta zauna a kan bencin mai gadi. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ni kuskure ɗaya na yi," ta ce. "Ku kun yi talatin da shida. Kun sami gaskiya da hannunku, kuka goge ta saboda ni. Ciwon nan yana cikin kaina, ba na ganinsa. Ku ne kuke gani. In kuka rufe ni da kunya, wa zai gaya mini ranar da ya kamata in ajiye alli? So kuke in yi ta zuba wa ƙannenku shirme kuna ce mini sannu da ƙoƙari?"

Ta miƙa wa Zuwaira alli. Yarinyar ta je gaban allo, ta ja layi a kan sifilin malamarta, ta rubuta huɗu, a bakin titi, mutane na wucewa.

Makon nan ta koma wajen likita da ƙafarta, ta ba shi labari ba ta rage komai ba. Aka yi gwaje-gwaje. Ya ce tunaninta na nan, amma yana saurin gajiya, kuma ba zai yi mata alkawarin abin zai tsaya a nan ba. Da zangon karatu ya ƙare ta rubuta takardar ajiye aiki, saura shekara huɗu lokacinta ya cika. Ba wanda ya nemi ta yi haka. Ta ce ba za ta yi caca da jarrabawar 'ya'yan mutane ba.

Allon dai yana nan. Daga Yammedi take aiko da tambaya duk Litinin a takarda, ta aiko da amsa ranar Alhamis, Radiyya ta kwafa. Wata biyar komai na tafiya daidai. Sai makon jiya, ranar Alhamis da la'asar, babur ya tsaya a ƙofar gidanta, Zuwaira ta yi sallama ta shigo da takarda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta tambayi mutanen gida, ta rasa ta inda za ta fara. Can ta ce, "Malama, a layi na uku kin sa tarawa inda ya kamata a cire."

Malama ta karɓi takardar, ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa. Yarinyar ce da gaskiya. Ta san abin da hakan ke nufi, ciwon bai tsaya ba. Ta ɗago kai ta dubi Zuwaira.

"Ke kaɗai kika gani?"

"A'a, mu da yawa ne. Har gardama aka yi a kan wadda za ta zo."

"To madalla," in ji Malama. "Zauna ki nuna mini."

Malama Sadiƙa, uwar masu lissafin Rogo, mun gode. Kin koya wa 'ya'yanmu rabawa da ragowa, sannan kika tsaya a bakin titi da sanda a hannu kika nuna kuskurenki, alhali tsoro na cin ki. Malamai da limamai da shugabannin ma'aikatu, duk wanda ake jin nauyinsa, ya dubi wannan baiwar Allah ya tambayi na ƙasa da shi abin da suke gani, tun yana iya jin amsar. Mu kuma na ƙasa mu daina goge abin da muka san daidai ne don ganin idon babba.

Mun san har yanzu kina jin tsoro duk ranar Alhamis, kuma ba mu da maganin abin da ke tafe. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa abin ya tsaya a nan. Ki ci gaba da aiko da tambayarki, Malama. Duk ranar da kika kauce, za mu zo har gida mu gaya miki.