Kukun da Bai Bar Matattun Jirginmu da Yunwa Ba

Tun kafin a busa ƙahon tashi, Baba Maeng Dal-su ya riga ya hau jirgi da kwandon kifinsa. Yakan wanke shinkafa, ya ɗora miya, ya ɗanɗana kabejin tsami, sannan ya fara faɗa. Duk wanda ya yi horon sojan ruwa a nan Jinhae ya san muryar nan. Ni ma na sha ludayinsa a ƙeya ranar da na juya gasasshen kifi a faranti.

"Kai baƙauye! So kake jirgin ma ya juye da mu?"

Jirgin kuwa ya ga duniya. An ƙera shi a Amurka lokacin babban yaƙin duniya don rakiyar jiragen kaya, aka ara wa Rashawa, suka mayar da shi duk tsatsa, sannan aka ba mu shi muna tsakiyar namu yaƙin. Ya raka jiragen abinci da na makamai, ya kwaso masu gudun hijira daga arewa. Da ya tsufa aka ɗaure shi a bakin tasha ana koyar da sababbin shiga. Tun da ya zo hannunmu kuku ɗaya ya yi. Watan gobe za a ja shi wurin masu yanka ƙarfe, Baba Maeng kuma zai ajiye aiki.

Bong Chil-seong, wanda ya riƙe igwar baya a lokacin yaƙi, shi ya ba ni labarin ranar da harsashi daga gaɓa ya same su. Wuta ta kama, kowa na neman inda zai sa kansa, sai ga kuku ya fito lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun shinkafa ya faɗa cikin hayaƙin. Yana fito da mutum yana komawa ɗauko wani. Bong na cikin waɗanda ya jawo, har yau yana ɗingishi.

"Tsohon banza ne," in ji Bong yana share ido. "Ya ajiye ni kamar buhun gishiri, wai in matsa na tare masa hanya."

Waɗanda ba su tashi ba, yawancinsu an kai su gida. Amma akwai samarin arewa a ciki, danginsu na can bayan iyaka, babu mai jera musu abinci ranar tunawa. Mamacin da ba a jera wa abinci kuwa, kowa ya sani, yawo yake da yunwa. Baba Maeng ya ɗauki abin a kansa ba tare da an sa shi ba. Duk shekara in ranar ta zagayo yakan dafa abincin da babu barkono babu tafarnuwa, ya jera wa kowa kwanonsa, ya kafa cokali a shinkafa, ya buɗe ƙofar ɗakin cin abinci don su shigo, ya durƙusa goshinsa a ƙasa. Na taɓa gani sau ɗaya. Mutumin da ke cika jirgi da hargowa ya koma yana lallashi, yana kiran kowa da suna.

To in an yanka jirgin, ina za su zo su ci? Abin da ya hana shi sukuni ke nan, don bai yi aure ba, ba shi da ɗan da zai gaje shi.

Makon jiya aka yi liyafar sallama, tsofaffin ma'aikatan jirgin suka taru. Da aka ci aka ƙoshi, sai ya fito da kwanonin matattun nan. Ya fara da tsohon kyaftin.

"Ranka ya daɗe, ga kwanon Eok-man. Daga yau ɗan gidanka ne. Ba ya son ƙanzo."

Kyaftin ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Da aka miƙa wa Bong nasa ya ce matarsa za ta yi mita, Baba Maeng ya ce, "Ta jure ka, ai za ta jure kowa." Aka yi dariya, aka yi kuka, kwanoni suka samu gidaje. Ɗaya ne ya rage, na wani saurayi da ya hau jirgin ana gobe harsashin nan zai same su. Ba wanda ya san shi, ko cikakken sunansa ba a riƙe ba. Baba Maeng ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a hammata.

Baba, kai ne uban marasa uba. Kai ne ka shiga wuta don masu rai, ka tsaya gaban murhu don matattu. In na tuna ka sai in ga ban yi komai a duniya ba. Mun gode, mun gode ƙwarai.

Jama'a, zumunta a ƙafa take. Gidan Baba Maeng na bayan kasuwar kifi, kuma ƙafarsa ta fara rawa. Da na tambaye shi abin da zan rubuta, bai ce in yabe shi ba.

"Ka ce ana neman wanda zai karɓi yaron nan in na tafi. Ba ya cin da yawa."