Idon Minti-Biyar

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da mutum uku ba sa iya tsayawa ciki sai ɗaya ya karkace. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Minti-Biyar yake ce masa, don ko agogon da mota ta taka ka kawo, zai kara shi a kunne ya ce, "Ba ni minti biyar." Wani minti biyar ɗin kan kai sati uku, amma in ya miƙo maka agogonka, to ya gyaru.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, daga gare shi kuma ya gaji teburin mai gilashi, da hantsaki, da ɗan madubin da ake maƙalawa a ido. A idon dama yake maƙala shi, don na hagun tun yana yaro bai cika gani ba. Da wannan ido guda ya yi aure, ya ciyar da 'ya'ya huɗu, har babbarsu ta zama malamar makaranta.

Wata ranar Talata yana buɗe wani tsohon agogon tebur, 'yar waya ta ɓalle ta daki idon. Ya yi kwana uku yana hawaye, ya sayi maganin ɗigawa, ciwon ya lafa. Sai dai ya bar masa wani fari a tsakiyar ido, farin kuma ya yi ta faɗi. Duniya ta koma masa kamar yana leƙenta ta cikin tururi. Bai gaya wa kowa ba. Da hannu ya riƙa laluben aiki, agogo suna taruwa a aljihun tebur.

Wanda ya gano shi maƙwabcinsa ne mai gyaran takalmi, wanda ake kira Dattijo saboda dattijo ne a cocinsu. Bango ɗaya ya raba shagunansu, kullum suna musu a kan labaran rediyo. Wata rana ya leƙo aron almakashi, ya tarar da Minti-Biyar yana shafa tebur.

"Me kake nema?"

"Wata 'yar kusa ce ta faɗi."

"Ga ta nan gaban hancinka, mutumina." Dattijo ya tsaya ya dube shi da kyau. "Tun yaushe?"

Kafin la'asar Dattijo ya kira 'yar Minti-Biyar, malamar makarantar nan, a waya ya tona asirin ubanta. Washegari ta sa shi gaba sai asibitin ido.

Likitar mace ce, mai fara'a. Ta haska idon, ta ce, "Baba, cikin idonka lafiya lau yake. Tantanin da ke gaba ne ya lalace. In gilashin agogo ya dushe, yaya kake yi?"

"Canza shi nake yi."

"To, haka za mu yi."

Ya ji daɗi sosai, har ya tambaya a wane kanti ake sayar da shi. Ta ce ba a sayarwa. Daga idon wanda ya rasu ake cirowa, wanda ya yarda tun yana raye ko danginsa suka yarda. Ba kuma za a gaya masa ko wane ne ba.

Minti-Biyar ya gyara hularsa ya ce zai yi shawara.

A gida magana ta rabu. Matarsa ta ce in dai zai daina zuba mata gishiri a shayi da sunan sukari, ko idon wa za a sa, a sa. Yayarsa kuwa, wadda ta yi tattaki ta zo don wannan magana, ta tafa hannu.

"Idon gawa? Ka san me mutumin ya kalla da shi a duniya? Ka san ko yana sallah? Ranar tashin alƙiyama ya zo ya ce a ba shi abinsa, me za ka ce?"

"Yaya, ba duka idon ba ne, tantani ne."

"Ko ɓawonsa ne!"

Maganar ta tsaya masa a rai. Bayan sallar azahar ya jira mutane suka watse, ya matsa kusa da Liman ya zayyana masa komai, har tambayoyin Yaya. Liman ya yi murmushi, ya ce malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka hana, saboda alfarmar jikin mamaci. Da yawa kuma sun halatta in akwai larura, mai abin ya yarda, ba kuma ciniki aka yi ba. Shi dai ra'ayin nan na biyu ya fi kwanta masa.

"Allah gafarta Malam, in kuma Kirista ne fa?"

"Da aka yi wa ƙaninka ƙarin jini, ka tambayi addinin jinin?"

"Ban tambaya ba."

"Abin da mutumin ya kalla kuwa, shi za a tambaya. Kai dai ka kula da abin da za ka kalla daga yanzu."

Ya koma shago ya ba Dattijo labari. Dattijo ya ajiye takalmin da yake ɗinki ya yi dariya har da tari. Ya ce su ma haka abin yake. Shekarun baya da 'yarsa ta yi shekara tara ba haihuwa, likitoci suka ce za su haɗa ƙwanta da na mijinta a asibiti su mayar mata ciki, cocinsu sai da ya kusa rabuwa biyu. Wasu suka ce shisshigi ne a aikin Ubangiji, wasu suka ce ai Ubangijin ne ya ba likita basira. Fastonsu ya ce tun da na miji da mata ne, su je da addu'a, amma ya gaya masa cewa akwai coci-cocin da har yau ba su yarda da shi ba.

"Waɗanda suka fi ɗaga murya, su suka fi rububin ɗaukar tagwayen da aka haifa," in ji Dattijo. "Maganar ido kuwa, Fasto cewa yake kyauta ce ta ƙauna. Amma matata tana nan kan bakanta, wai ba za ta tashi ranar ƙarshe da ido ɗaya ba."

"Ashe ya kamata mu haɗa ta da Yaya."

Wata huɗu ya jira kafin a kira shi. Ranar aikin, Dattijo ya rufe shago ya zo ya zauna a bencin asibiti kusa da Yaya, wadda ta ce ita fa ba ta yarda ba, ta zo ne kawai kada a ce ba ta zo ba. Carbinta bai huta ba har aka fito da shi.

Ya ɗauka da an cire bandeji zai ga komai tangaran. Ina! Sati-sati ganin ya riƙa dawowa. Matarsa ce ke ɗiga masa magani sau shida a rana, tana hana shi sunkuyawa, tana ɓoye makullin shago a cikin tukunya. Wata safiya tana miƙa masa riga ya riƙe ta ya kai kusa da taga.

"Wannan ƙunar dutsen gugar fa?"

"Watanta shida a nan, Malam. Da ita kake zuwa ɗaurin aure."

"Kuma kika bar ni?"

"Kai ba ka gani, ni kuma ba na son tashin hankali."

Da likita ta ba shi izinin komawa aiki, agogo arba'in da wani abu ya tarar suna jiransa. Ya maƙala madubi, ya buɗe na farko, ya ga ƙananan haƙoran ƙafafun agogon ɗaya bayan ɗaya, har da ƙurar da ke tsakaninsu. Ya daɗe bai taɓa komai ba. Dattijo da ya leƙo ya gan shi haka, sai ya koma shagonsa a hankali.

Abu ɗaya ya rage yana damunsa. Yana son ya yi wa mai idon wani abu, ga shi bai san ko namiji ne ko mace ba, balle inda yake ibada. Ya sake komawa wurin likita ya roƙe ta, ta ce doka ta hana, amma in ya rubuta takardar godiya ba suna, za a kai wa dangin. 'Yarsa ta zauna da biro, shi yana faɗa tana rubutawa. Sau uku ta yaga takardar, don duk lokacin da ya fara godiya sai ya zarce bayanin yadda ake wanke agogo.

A ƙarshe suka tsaya a kan layi biyar. Ya ce shi mai gyaran agogo ne, ya koma bakin aikinsa, ya ga fuskar jikarsa da aka haifa yana cikin duhu, kuma Allah ya ba su haƙurin rashin da suka yi.

Dattijo ya ce zai sa a yi wa iyalin addu'a ranar Lahadi. Minti-Biyar ya ce shi ma zai roƙi Liman ya sa su a addu'a ranar Juma'a, duk inda suke ta same su.

Yaya ta zo ganinsa bayan wata biyu. Ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu, ta leƙa idon da kyau kamar mai zaɓen atamfa.

"To, ba a ma ganewa," ta ce. Ta buɗe jaka ta ciro agogon mijinta da ya tsaya tun bara ta ajiye masa a tebur. Sannan ta rage murya ta ce idonta na hagu ya fara yi mata hazo, wace rana ce likitar nan take ganin mutane?