Yatsun Nura, Bayan Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Nura. Yana da shekara ashirin da shida ya tafi. Ciwon sikila ne, wanda aka haife shi da shi, ya sarƙe masa ƙirji a wani asibiti a Bronx, yankin da muke zaune a nan ƙasar waje. Da gangan na fara da sunan ciwon, don har yau cikin mutanenmu na unguwar Mount Hope akwai masu cewa ƙwaya ce ta kashe shi. Ni ce yayarsa, aikin jinya nake yi, kuma ina gefen gadonsa har ya cika. Na san abin da ya kashe shi.

Abin da ya jawo masa bakin mutane wani wasa ne da ake kira gloving. Farar safar hannu ce ake sa wa 'yan fitilu a kan kowane yatsa. Mai wasan zai durƙusa gaban mutum ɗaya da ke zaune, ya riƙa sarrafa yatsunsa daidai da kiɗa, hasken yana zana layuka da da'ira a gaban idon mai kallo. A wuraren rave ake yin sa, wato tarukan kiɗa da rawa da matasa ke yi a tsofaffin sito-sito na Brooklyn. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ana shaye-shaye a irin wuraren. Amma Nura da gorar ruwa yake zuwa, da gorar ruwa yake dawowa, don mai sikila ya san abin da ƙishirwa ke yi masa. Abokansa sun ce har gundurarsu yake yi da cewa su sha ruwa.

Ciwon ne ma ya kai shi ga wasan. Tun yana ƙarami hannayensa kan kumbura, ya kwana yana kuka. Umma, mahaifiyarmu, takan ɗora shi a cinya ta lakato man kaɗanya, ta yi masa tausa yatsa bayan yatsa. Da ya girma aka hana shi ƙwallo, aka hana shi iyo, sanyi ma aka hana shi shiga. A gadon asibiti ya ga wasan a waya, ya gane cewa ga wani abu da ba ya buƙatar ƙafa ko dogon numfashi. Daga nan yatsun Nura ba su sake zama wuri ɗaya ba. A cikin jirgin ƙasa suna motsi, a kan tebur suna motsi, har in ana cin tuwo sai na ce masa ya bar malmalar ta huta.

Umma ta san da safar ne ranar da ta wanke ta. Ta gan ta a ɗakinsa ta yi dauɗa, ta ɗauka ta sanyi ce, ta jiƙa ta a ruwan zafi, ta cuɗe ta da kyau da fitilun a ciki. Nura ya dawo ya tarar an shanya a banɗaki. Ya danna, ya danna, ko ɗaya bai kama ba. Ban taɓa ganin ƙaton saurayi ya kusa kuka a kan safa ba sai ranar. Ni kuwa dariya na yi ta yi har da riƙe ciki. Da ya yi mata bayani, Umma ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, an tsufa ana wasa da tocila."

Bayan ya haɗa wata safar, ya sha roƙon ta. "Umma, just sit, waƙa ɗaya kawai in yi miki." Hausarsa ke nan, rabi da rabi, irin ta yaran da suka tashi a nan. Ita kuma ba ta taɓa yarda ba. A tarbiyyarta yaro ba ya kaɗa wa babba hannu a fuska, balle da fitila, balle kuma abin da aka ɗauko daga gidan rawa. Ga maƙwabta suna ta kawo mata labari, wannan ta ce an gan shi a Flatbush da masu koren gashi, waccan ta ce ɗan Hajiya ya lalace. Takan ce masa, "Ɗauke min hannunka, Nuraddini." Sai ya yi murmushi ya ɗauke. Ni na zauna masa sau da yawa, kuma abin yana da kyau ƙwarai, amma ba ni yake so in gani ba, Umma yake so ta gani.

Da ya rasu, ana zaman makoki ana raɗa. Raɗar ta kai kunnen Umma, kuma ta shige ta. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, fiye da kukanta. Ta daina kiran sunansa. Ta kira ni ɗaki ta ce in faɗa mata gaskiya tsakanina da Allah. Na faɗa mata, likitansa ma ya faɗa mata, sai ta ce ni 'yar'uwarsa ce dole in rufa masa asiri. Ina kallo tana neman rasa ɗanta karo na biyu, ta riƙa tambayar kanta ko ma ta taɓa sanin wanda ta haifa. Ta raba tufafinsa sadaka, safar kuwa ta ƙulle a leda ta ce in kai bola. Na ɓoye ta a jakata.

Ana gab da sadakar arba'in wata yarinya ta buga mana ƙofa da la'asar. Marisol sunanta, Nura ne ya koya mata wasan. Daga unguwar St. George, can tsallaken ruwa, ta taso, ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa, ta yafa wani gyale da bai gama rufe koren gashinta ba. Ta ce Nura ya taɓa gaya mata akwai mutum ɗaya da bai samu ya yi wa wasa ba, ita kuma a wajensu in ka koya a hannun mutum to ka ɗauki nauyinsa. Na fassara wa Umma, na tabbata korar ta za ta yi. Kafin ta buɗe baki yarinyar ta zube a gabanta kan gwiwoyi. Ita dai yadda ake fara wasan ke nan. Umma kuwa rabon da ta ga yarinya ta durƙusa mata haka tun muna Kano, sai jikinta ya yi sanyi. Ta ce, "Wannan tana da ladabi. Ku ja labule."

Na ja labule, na miƙa wa Marisol safar Nura. Ta kunna kiɗa a waya ƙasa-ƙasa. Ta fara yadda duk wanda Nura ya koyar yake farawa. Ta shimfiɗa hannun hagu, ta kama ƙaramin yatsa da hannun dama, ta murza daga tushe zuwa kai, ta ɗan ja, fitilarsa ta kama. Ta koma na kusa da shi. A haka har ta kai babban yatsa, sannan ta rufe hannun da tafin ɗayan. Ba ta wuce nan ba Umma ta riƙe mata wuyan hannu. "Wa ya koya miki wannan?" Yarinyar ta ce Nura. Umma ta juyo gare ni ta ce, "Wannan ai tausar da nake yi masa ce. Daga ƙaramin nake farawa, shi ya fi yi masa ciwo." Na sha ganin wannan buɗewar ban taɓa lura ba. Ranar Umma ta kira sunansa, ta yi ta kira, kuma ba ta sake yi min waccan tambayar ba.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Wasu wuraren sun hana shiga da safar, wai tana jawo 'yan ƙwaya. Na san zai yi dariya, ya ce ashe ba matan Mount Hope kaɗai ba ne. Yanzu kuma da yawa gaban waya suke durƙusawa su ɗauki kansu, su watsa wa dubban mutanen da ba su sani ba. Wannan ba zai yi masa daɗi ba, don kullum cewa yake yi abin na mutum ɗaya ne, ka dubi fuskarsa ka san inda za ka rage gudu. A wurin aiki ina jin ana maganar sababbin hanyoyin maganin sikila. Ina murna saboda yaran da nake jinya, kuma ina jin haushi da Nura bai kai ba. Duka biyun ina jin su.

Nura bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai gina gida a Kano ba. A ma'aunin mutanenmu bai bar komai ba, kuma masu raɗa ba su daina ba. Abin da na sani shi ne akwai matasa a wannan birni, waɗanda ba su taɓa jin kalmar Hausa ko ɗaya ba, da suke buɗe wasansu da tausar mahaifiyata. Marisol ta yi aure, gashin ya koma baƙi, amma duk shekara a irin wannan makon sai ta hau jirgin ruwa ta zo. Allah Ya jiƙan Nura, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Jiya da la'asar Marisol ta zo, bayan mun yi masa addu'a. Umma ta tsufa, gwiwa ta hana ta zaman ƙasa, amma tun kafin yarinyar ta cire takalmi ta gyara zama a kujera, ta ce min, "Tashi ki ja labule."