Ranar da Alhaji Tanimu Ya Ajiye Mota

Shekara talatin Alhaji Tanimu yana sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, kuma kullum da mota yake zuwa. Bara aka auna jininsa. Likita, Madam Jeannette, ta ce bai kamu da ciwon sukari ba tukuna, amma yana dab da shi, don hantarsa tana sakin sukari fiye da kima. Ya nuna mata ƙwayoyin zogale da ya saya. Ta ce, "Waɗannan ba za su yi maka tafiya ba, Alhaji. Ka riƙa takawa."

Ranar farko da ya fito da ƙafa, motoci huɗu suka tsaya ɗaukarsa. Maƙwabcinsa Malam Buba ya ja shi gefe, ya rage murya: "Alhaji, in kasuwa ce ta juya, kada ka ɓoye mini."

Kunya ta kusa mayar da shi mota. Washegari sai ya sa jan takalmin 'yan ƙwallo ƙarƙashin babbar riga, yadda kowa zai gane motsa jiki yake yi. Babu wanda ya sake tsayawa, sai dai a ɗaga masa hannu ana dariya.

Bayan wata huɗu sukarin ya sauka. Yanzu Malam Buba ma ya sayi takalmin, shuɗi.