Duwatsun da Na Jera a Hanyar Ƙwanni

Har yau idan aka tambaye ni ko aikin nan ya yi kyau ko ya ɓaci, sai in rasa ta cewa.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ayyuka a Illela, ba a daɗe da sake buɗe iyaka ba. Ranar kasuwa hanyar da ta miƙe arewa zuwa Ƙwanni ba masaka tsinke: manyan motoci, a-kori-kura, babura, ga masu canjin kuɗin sefa sun baje a gefe. Mai tafiya a ƙasa sai dai ya yi ta kansa. Mahaifina kuwa kowace kasuwa sai ya zo daga Lafani a kan kekensa, ga shi ya haura sittin. Sau biyu mota tana goge shi, na biyun sai da ya yi wata guda yana ɗingishi. Na ce ya bar hawan keken, ya ce in bar aikin gwamnati tukuna. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata rana a aiko mini da mugun labari.

Shi ne na dami shugabanmu a ofis har ya gaji ya ce in je in gwada: a yanke wa motoci kamu shida ta gefen gabas, a bar wa masu ƙafa da masu keke. Siminti babu, allon sanarwa babu. Duwatsu muka samu da farar ƙasa. Ni da leburori muka share wurin tas, muka zuba yashi, muka jera duwatsu layi biyu, muka shafe su fari fat. A tsakiya bakin kwalbati ya ci mana wuri, sai muka lanƙwasa layin waje ya ɗan turo gabas. Direbobi suka zage ni son ransu, na rama daidai gwargwado. Na koma gida ina jin kaina injiniya.

Ranar kasuwa na iso da hantsi, na tarar da hanyata fayau, ba kowa. Mutane na can sun cakuɗe da motoci a ragowar titi. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono ta zo daf da duwatsun, ta kauce ta faɗa cikin motoci. Wani dattijo ya tuɓe takalmansa, ya tsallaka, ya mayar. Na shiga ɗaga murya ina cewa su shigo, don su aka yi. Sai su ce, “Allah shi saka da alheri, malam,” su wuce abinsu. Kaina ya ɗaure.

Da azahar ta yi sai ga butoci. Wani malami ya shiga lanƙwasar nan ya tsaya, jama'a suka ja sahu a bayansa tun daga farkon duwatsun har ƙarshe. A nan na gane. Wuri a share, da yashi, an kewaye shi da fararen duwatsu, yana kallon gabas, har da wurin tsayuwar liman! Ko yaron goye a ƙasarmu ya san mene ne wannan, sai ni da na yi shi da hannuna. Na rasa abin yi, na yi alwala na bi sahu.

Washegari na kai kuka ofis. Shugabanmu ya ce, “Kai ka jera su, kai za ka kwashe. Ni ba ni taɓa dutsen masallaci.” Leburori ma suka ce ba da su ba. Direbobin da suka zage ni suka koma gaishe ni da girmamawa, suna ajiye motocinsu a titi su shiga salla, hanyar ta ƙara matsewa. Ana ta sa mini albarka, ni kuwa ban sani ba ko in yi murna ko in yi kuka.

Kasuwar da ta zagayo na sami mahaifina a wurin bayan la'asar, ya jingine kekensa a wajen duwatsun, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, “Duk Lafani an ji ɗana ya yi masallaci. Allah shi yi ma albarka.”

Na durƙusa na ce, “Baba, ba masallaci na ba, hanya ta. Don kai anka yi ta, ka riƙa bi da keke.”

“Mi kac ce?”

“Ko da in ba lokacin salla ba, Baba.”

Ya dube ni ya ce, “In hau keke bisa wurin da mutane sunka aza goshinsu? Ashe bokon ga ya kai ka nan.”

Ya hau kekensa ya kutsa tsakanin wata babbar mota da a-kori-kura, rigarsa na shafar ƙarfe. Ban sake roƙonsa ba, ban kuma iya ɗaga dutse ko ɗaya ba. Tun daga ranar, kowace kasuwa nakan bar ofis in tare shi a bakin gari, in bi bayan kekensa a ƙasa ina ɗaga wa direbobi hannu, har mu fita daga titin da ni da kaina na matse masa.