Mi Nika Yi da Duniyag Ga

Yayana tela ne a Kebbe, amma keken ɗinki bai taɓa cika masa ido ba. Tun muna firamare shi ke fitowa a alƙali duk sanda aka yi wasan kwaikwayo, kuma da buri ɗaya ya girma: a gan shi a fim a matsayin mutum mai mutunci, wanda in ya yi magana mata za su share hawaye da bakin mayafi. Mun sha yi masa tsiya, ko a jikinsa.

Shekarar da Innarmu ta rasu aka ce wasu 'yan fim daga birni sun sauka Tambuwal suna neman 'yan gari. Ni na goya shi a babur. Duk hanya yana gwada Hausar rediyo, yana "ina zuwa, ina gani," wai kada bakinmu na Sakkwatawa ya ba shi kunya.

Daraktan wani saurayi ne mai baƙin tabarau da yawan taunar cingam. Yaya na cikin gabatar da kansa sai wani "wanga" ya kuɓuce masa. Nan take saurayin ya cire tabarau.

"Baba, daina wahalar da kanka," in ji shi. "Yi irin taku ta gida, ita muke nema. Za ka fito a wanda uwarsa ta mutu."

"Ai ni ma tawa bana-bana tar rasu," in ji Yaya.

"Yauwa! To ita za ka tuna."

Aka durƙusar da shi a gindin dogonyaro, aka saita kyamara. Sai kafaɗun Yaya suka fara rawa. Kukan da ya riƙe ranar jana'iza saboda shi ne babba, ranar ya sake shi. "Inna ta tahi ta bar ni," yake cewa. "Mi nika yi da duniyag ga?" Ni ma na juya baya ina share fuska. Na ga yaran darakta sun toshe baki da hannu, na ɗauka tausayi ne ya kama su.

Bayan Sallah fim ya iso shagon masu cajin waya da turin finafinai. Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a muka je a tura mana. Da wurinsa ya zo, sai muka ji an ƙanƙance muryarsa kamar ta ɗan tsako, an ɗora dariyar inji a kai, an liƙa kukan akuya a ƙarshe, ana ta maimaita "mi nika yi." Ashe fim ɗin barkwanci ne. A wurinsu Basakkwace ba ya kuka, da ya buɗe baki abin dariya ne.

Yaya ya kira darakta. Aka ce masa ya gode wa Allah ya zama tauraro, har da tayin fitowa a kashi na biyu.

Baƙi ba su ƙona mini rai kamar mutanenmu ba. Waɗanda da wannan bakin suke cinikin gero, da shi suke roƙon Allah ruwa, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. 'Yan kabu-kabu suka mai da muryar tasa ƙarar kiran waya. Mai kawo ɗinki sai ya ajiye yadi ya ce, "Tela, mi kaka yi da duniyag ga?" Na yi dambe a tasha a kan haka, ban kuma yi nadama ba.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke 'yar autar Yaya. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, liman ya shafa addu'a, wani dattijo ya kama hannun Yaya ya ce, "Ina haƙuri?" Yaya ya buɗe baki. So yake ya ce mi nika cewa, hukuncin Allah ne.

"Mi nika..."

Daga can baya dariya ta kuɓuce wa wani ta hanci, ya mai da ita tari. Wasu biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗu na girgiza.

Yaya ya haɗiye sauran maganar. Ya gyara zama, ya ce da Hausar rediyo tsaf, "Da godiya. Ina godiya."

Bai yi wa yarinyar kuka a gaban kowa ba. Tun ranar ban sake jin bakin Inna a bakinsa ba, ko da ni da shi ne kawai a ɗaki.